Yadda Ake Gano Ƙarancin Jinin da Fashewar Jajayen Ƙwayoyi Ke Haifarwa

Tambayar da ta fi yawan zuwa mini daga Gusau, Ƙauran Namoda, Talata Mafara da ƙauyukan da ke kewaye da su kusan iri ɗaya ce: yaro ko babba jininsa ya yi ƙasa, an yi masa ƙarin jini ya farfaɗo, bayan 'yan makonni jinin ya sake sauka, idanunsa kuma sun yi rawaya, to ta wace hanya za a gano abin da ke cinye jinin? Na daɗe ina aiki a ɗakin gwaje-gwajen jini, kuma abin da na fi gani shi ne iyalai suna kashe kuɗi mai yawa a kan ledar jini da maganin ƙarin jini, amma ba a taɓa tsayawa an bi gwaje-gwajen bisa tsarinsu ba.

Jini yana raguwa ta hanyoyi uku: ko dai yana zuba, ko ɓargo ya gaza ƙera shi, ko kuma ana ƙera shi amma jajayen ƙwayoyin suna fashewa kafin lokacinsu. Lafiyayyar ƙwayar jini tana yin kimanin kwana 120 tana aiki, ta mai sikila kuwa kwana 10 zuwa 20 kawai take yi. A kan wannan hanya ta uku zan yi bayani, kuma aikin kashi biyu ne da ba a juya su: a fara tabbatar da cewa fashewa ake yi, sannan a nemi abin da ke fasawa.

Mataki na 1: Duba ido, tafin hannu da fitsari

A fito da mara lafiya inda hasken rana yake, domin fitilar ɗaki da tocilan suna ɓoye rawayan ido. A ja fatar ƙasan ido a hankali a duba cikinta: idan ta yi fari fat maimakon ja, jini ya yi ƙasa. A duba farin ido ko ya koma rawaya, a buɗe tafin hannu a kwatanta shi da na wani mai lafiya a gidan. Daga nan a tari fitsari a kwalba mai haske wadda aka wanke sosai. Fitsarin da ya yi kalar shayi mai kauri ba madara, ko ya yi duhu kamar Coke, alama ce mai ƙarfi, musamman idan ya zo tare da fatar ido da ta yi fari fat da kuma rawayan ido a lokaci guda. A ƙarshe a kwantar da shi a shafa gefen cikinsa na hagu, ƙarƙashin haƙarƙari, a ji ko saifa ta kumbura.

Gargaɗi: a wurinmu duk rawayan ido shawara ake kiransa, kuma da an ce shawara sai hankali ya tafi kan hanta da jiƙe-jiƙe. Ba kowace shawara ce daga hanta take ba. Wadda fashewar jini ke kawowa hantar lafiyarta ƙalau, kayan aikin ne suka yi mata yawa. Kwanakin da ake ɓatawa ana ba da jiƙo su ne kwanakin da jinin ke ƙara sauka. Haka nan kada a kai yaro a yi masa tsaga ko sakiya a kan saifa, domin ƙarin zubar jini ne ga wanda ba shi da isasshe.

Akwai alamomin da ba a kwana da su a gida: numfashi sama-sama, bugun zuciya da sauri, kasa tsayuwa ko zama, suma, jijjiga, raguwar fitsari ko ɗaukewarsa, da cikin yaro mai sikila da ya kumbura farat ɗaya yana kuma yin fari. Wannan na ƙarshe saifa ce ta tattara jinin a cikinta, kuma tana iya kashewa cikin awanni kaɗan.

Mataki na 2: Haɗa labari kafin a shiga wurin likita

Rabin ganewar wannan ciwo a bakin mai jinya yake, amma mutane kan shiga ɗakin likita a ruɗe su ce "zazzaɓi ne da rashin jini" su yi shiru. Kafin a bar gida a zuba duk kwalayen magunguna da ragowar ƙwayoyin da mara lafiya ya sha cikin makonni huɗun da suka wuce a leda ɗaya, har da na kemis da na gargajiya, a tafi da su. Sannan a shirya amsar waɗannan tambayoyi.

Yaushe abin ya fara, kuma farat ɗaya ya zo ko a hankali? Wanda ya zo cikin kwana ɗaya zuwa uku ya fi nuni ga magani, guba, zazzaɓin cizon sauro mai tsanani ko jinin da aka ƙara wanda bai dace ba. Wanda ake fama da shi tun ƙuruciya, yana tafiya yana dawowa, ya fi nuni ga gado. Shin a dangin uwa ko na uba akwai mai sikila, ko wanda aka sha yi wa ƙarin jini, ko jariran da suka rasu da shawara? Tunda auren zumunci ya yawaita a cikinmu, a faɗa wa likita idan iyayen 'yan'uwan juna ne. Shin an yi ƙarin jini kwanan nan, kuma a wace rana? Shin an yi wa mara lafiya allurar atesunet ta zazzaɓi mai tsanani? Wannan allura tana ceton rai kuma ba a guje mata, sai dai a wasu mutane jini kan sake fashewa mako ɗaya zuwa uku bayan an sallame su. Idan mace ce mai ciki, shin tana da hawan jini, kuma tana shan maganin hawan jinin nan mai suna Aldomet? Shin a gidan ana niƙa ko ajiye dutsen zinare, ko wani yana dawowa daga wurin haƙa da tufafin aiki, tunda dutsen kan zo da gubar dalma?

Sai tambayar kafur, wadda na ga amfaninta da idona. An taɓa kawo mana wani yaro ɗan shekara huɗu daga ƙauye, ya yi fari kamar takarda, fitsarinsa baƙi ƙirin a cikin robar da mahaifiyarsa ta riƙo. Ta ce mini, "Malam, shawara ce ta kama shi, shekaranjiya lafiya lau yake wasa." Gwajin zazzaɓin cizon sauro bai nuna komai ba, jinotaif ɗinsa, wato nau'in jinin da ya gada, kuma AA ne, ba sikila ba. Na tambayi kakarsa da ke zaune a benci, na ce, "Inna, ko akwai wani abu da ya ci ko ya sa a baki wanda ba abinci ba?" Ta yi jim, sannan ta ce ranar da aka buɗe akwatin kayan Sallah ta ƙwace ƙwallon kafur daga bakinsa, ya ɗauka alawa ce. Wannan amsa ɗaya ce ta nuna mana gwajin da za mu yi. Yaron yana da ƙarancin sinadarin G6PD, wanda ke kare ƙwayar jini daga wasu gubobi, kuma an fi samun wannan ƙarancin a maza saboda ta wajen uwa suke gadonsa. Abubuwan da ke tayar da shi sun haɗa da kafur, lallen da ake shafa wa jarirai, magunguna irin su firimakwin, dafson, naitirofurantoyin da wasu dangin salfa, da kuma ful, waken nan da alhazai ke karya kumallo da shi a Saudiyya. Waken gida da muke dafawa da shinkafa ba ya cikinsu.

Mataki na 3: A ɗibi jinin gwaji kafin a ɗaura leda

Idan akwai mataki ɗaya da nake roƙon kowa ya riƙe, wannan ne. Da zarar jinin wani ya shiga jikin mara lafiya, duk abin da za a ɗiba daga baya gauraye ne. Yaro mai SS da aka ƙara wa jinin mai AA, sakamakonsa zai iya fitowa kamar AS, a rubuta a kati, iyaye su koma gida da kwanciyar hankalin da ba na gaskiya ba. Mai ƙarancin G6PD shi ma gwajinsa zai iya nuna lafiya, domin ƙwayoyin wanda ya ba da jinin ake aunawa. Kafin jinin baƙo ya fice daga jiki sai an jira kimanin wata uku, kuma a cikin wannan jira ne ciwon kan dawo a sake ƙarin jini, a haka shekara ta wuce ba a san sunan ciwon ba.

Saboda haka, idan likita ya ce za a ƙara jini, mai jinya ya roƙa cikin ladabi a ɗibi samfurin binciken sanadi a daidai lokacin da ake ɗibar na haɗa rukuni. Ana buƙatar kwalba mai murfi shuni, wadda ke hana jini daskarewa, domin ƙidayar jini, shafin gilashi, jinotaif, G6PD da gwajin Kumbs, sai kuma kwalba mai murfi ja ko rawaya domin bilirubin da LDH, sannan robar fitsari; bayanin waɗannan gwaje-gwaje yana zuwa a matakai na gaba. Ko da kuɗin gwaje-gwajen ba su haɗu a ranar ba, ana iya shafa gilashin nan take, a ajiye kwalbar mai murfi shuni a firiji domin jinotaif da G6PD zuwa 'yan kwanaki.

Gargaɗi: wannan ba dalili ba ne na jinkirta ƙarin jini ga wanda ke bakin mutuwa. Ɗibar samfuri minti biyu ce. Kuma ga abokan aikina: jinin da aka ja da ƙarfi ta siririyar allura, ko aka matsa shi cikin kwalba da ƙarfi, ko aka girgiza shi, yana fashewa a cikin kwalbar, LDH ya hau, a ce mara lafiya yana da abin da ba shi da shi. Kwalbar bilirubin kuma a rufe ta daga haske, domin haske yana rage adadinsa.

Mataki na 4: Auna yawan jinin

Gwajin farko shi ne PCV, mai auna kason da jajayen ƙwayoyi suka cika cikin ɗari na jini, wanda kusan kowane babban asibiti da yawancin ƙananan asibitoci ke yi, kuma shi ne mafi araha. Inda akwai na'ura, gara a yi cikakkiyar ƙidayar jini, domin ita ce ke nuna himogulobin, wato jan sinadarin da ke ɗaukar iska a cikin ƙwayar jini, da girman ƙwayoyin, fararen ƙwayoyi da ƙwayoyin daskarar da jini. Ana cewa akwai ƙarancin jini idan himogulobin ya gaza 13 ga namiji baligi, 12 ga mace, 11 ga mai ciki. PCV kuwa kusan ninki uku ne na wannan lamba. Yaron da ke zazzaɓin cizon sauro kuma PCV ɗinsa ya gaza 15, yana cikin matsanancin hali.

Ga mai sikila lissafin daban ne, domin ko yana lafiya himogulobin ɗinsa yakan tsaya tsakanin 6 da 9. Abin da ke da amfani shi ne iyaye su san lambar da ɗansu ke tsayawa a kanta lokacin da yake lafiya, su rubuta ta, saboda saukar da aka yi daga wannan lamba ce ke nuna haɗari. A kuma lura da ƙwayoyin daskarar da jini: idan sun yi ƙasa sosai tare da fashewa, musamman ga mai ciki mai hawan jini ko yaron da ya yi gudawar jini fitsarinsa ya ragu, lamari ne na gaggawa da ke buƙatar babban asibiti.

Mataki na 5: Tabbatar da cewa fashewa ce

PCV yana faɗin cewa jini ya yi ƙasa, amma ba ya faɗin dalili. Gwaje-gwaje huɗu ne ke tabbatar da fashewa, kuma tare ake karanta su.

Na farko shi ne ƙidayar retikulosait, wato sababbin ƙwayoyin da ɓargo ya fitar ba su gama nuna ba. A lafiyayyen baligi ba sa wuce kashi 0.5 zuwa 2.5 cikin ɗari. Idan jini na fashewa, ɓargo yakan ƙara himma, adadinsu ya hau sosai. Wannan gwaji ba shi da tsada, rini da gilashi da madubin likita kawai yake buƙata, amma abin takaici shi ne ba kasafai ake rubuta shi ba, kuma a ganina shi ne gwajin da aka fi zalunta a asibitocinmu. Idan mai sikila jininsa ya faɗi amma retikulosait ɗinsa suka yi ƙasa maimakon su hau, to ɓargon ne ya tsaya na ɗan lokaci, galibi saboda wata ƙwayar cuta mai suna fabobairos B19, ko saboda ƙarancin folik asid.

Na biyu shi ne bilirubin, sinadarin da ke rina ido. A tabbatar an raba shi gida biyu a takardar sakamako, wanda hanta ta riga ta sarrafa da wanda ba ta sarrafa ba. A fashewar jini, wanda ba a sarrafa ba ne ke hawa. Idan wanda aka sarrafa ne ya fi yawa, kuma sinadaran hanta sun hau, hankali ya koma kan ciwon hanta ko toshewar hanyar matsarmama. Na uku shi ne LDH, wani sinadari da ke fita daga ƙwayoyin da suka fashe, sai dai yana hawa a wasu cututtukan ma, don haka ba ya tsayawa shaida shi kaɗai. Akwai kuma haftogulobin, wani sinadarin jini da ke sauka idan ana fashewa, amma sai a manyan asibitocin koyarwa ko manyan ɗakunan gwaji masu zaman kansu ake samunsa, kuma ana iya kai wa ga ganewa ba tare da shi ba.

Na huɗu shi ne fitsari, kuma a nan ake yawan kuskure a yankinmu. Yaran da ke wanka a tafkuna da magudanan ruwan noman rani, irin na kewayen madatsar Bakolori, suna yawan kamuwa da tsargiya, wadda ke sa jini a fitsari, galibi a ƙarshen fitsarin. Wannan zubar jini ce, ba fashewa ba. Tsinken gwaji zai nuna jini a duka biyun, don haka sai an juya fitsarin a na'ura an duba a madubi. Idan jajayen ƙwayoyi suka kwanta a ƙasa saman ya washe, jini ne ke zuba daga mafitsara ko ƙoda. Idan ruwan ya ci gaba da zama ja ko baƙi kuma babu ƙwayoyi a ƙasa, jinin a cikin jijiya ya fashe, kuma dole a auna lafiyar ƙoda a ranar.

Mataki na 6: Shafin gilashi

Ɗigon jini ɗaya da aka shafa siriri a gilashi aka rina, idan ya faɗa hannun wanda ya iya dubawa, yakan rage wa iyali kuɗin gwaji uku. Ƙwayoyi masu siffar lauje suna nuna sikila. Ƙanana masu dunƙulewa kamar ƙwallo, marasa farin tsakiya, suna nuna ko dai garkuwar jiki ce ke kai musu hari ko kuma larurar gado ce ta fatar ƙwayar. Waɗanda suka yi kamar an gatsa gefensu suna nuna G6PD. Gutsattsari masu kusurwa suna nuna cewa ana yanka ƙwayoyin a cikin ƙananan jijiyoyi, abin da ke faruwa a matsanancin hawan jinin masu ciki, a gubar jini mai tsanani, da bayan saran wasu macizai. Masu ɗigo a tsakiya kamar idon kifi ana ganinsu ga mai himogulobin C da mai talasimiya, waɗanda larurorin jini ne na gado. Ɗige-ɗige masu shuɗi a cikin ƙwayar suna sa a tuna da gubar dalma. A rubuta wa ɗakin gwaji a fili cewa siffar ƙwayoyi ake so a duba, domin idan aka rubuta gwajin zazzaɓi kawai, shafi mai kauri za a yi, wanda ke narkar da ƙwayoyin ba a ga siffarsu.

Mataki na 7: Neman sanadi, daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci

A fara da zazzaɓin cizon sauro, musamman daga damina zuwa kaka, ta gwajin tsinke da na madubi. Gargaɗi biyu a nan: gwajin tsinke yana iya ci gaba da nuna cutar makonni bayan an warke, sannan samun ƙwayar zazzaɓi a jinin yaro a watan Satumba ba ya nufin ita kaɗai ce matsalar. Yara da yawa masu sikila ko ƙarancin G6PD sun shekara ana yi musu maganin zazzaɓi, saboda duk lokacin da aka duba ana samunsa, sai bincike ya tsaya nan.

Na biyu shi ne jinotaif. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana ɗauke da AS, kuma idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. A bambanta gwaje-gwajen: wanda ake kira gwajin sikilin yana nuna akwai himogulobin S, wato na sikila, ne kawai, ba ya raba AS da SS. Wanda ke rabawa shi ne na elektiroforesis, mafi inganci kuma shi ne na wata na'ura da ake kira HPLC, wanda ke ba da adadin kowane nau'i, har ya taimaka wajen gano talasimiya. Mai AS ba ya fashewar jini saboda AS ɗinsa, don haka idan takarda ta ce AS amma yaro yana kumburin hannu da ƙafa, ciwon ƙashi da rawayan ido, a maimaita gwajin a wani wuri, a kuma tambaya ko an ƙara masa jini kafin a yi na farkon.

Na uku shi ne G6PD. Matsalarsa ita ce a tsakiyar fashewa tsofaffin ƙwayoyi marasa sinadarin sun riga sun mutu, sababbin da suka rage kuma suna da shi da ɗan dama, sai sakamako ya fito lafiya. Idan labarin ya nuna G6PD amma gwaji ya musanta, a kiyaye abubuwan da ke tayar da shi, a maimaita bayan wata uku.

Na huɗu shi ne gwajin Kumbs na kai tsaye, wanda ɗakin ajiyar jini ke yi. Yana nuna ko garkuwar jikin mutum ce ta manne wa ƙwayoyinsa. Ana neman sa ga baligin da fashewa ta same shi ba tare da tarihin gado ba, ga wanda haɗa masa jini ke ba da wahala, ga wanda jininsa ya sake faɗuwa kwanaki ko mako biyu bayan ƙari, da ga mai shan Aldomet ko wanda aka yi wa allurar kashe ƙwayoyin cuta mai suna seftirayazon. Idan ya nuna akwai, likita zai ci gaba da neman abin da ke bayansa, kamar cutar lufus, wadda garkuwar jiki ke yaƙar jikin kansa, cutar ƙanjamau ko sankarar jini. Kada a fara shan firedinisolon, maganin da ke danne garkuwar jiki, daga kemis kafin wannan gwaji, domin yana rikita hoton ciwon kuma yana da nasa illolin.

Na biyar, wanda mu mutanen Zamfara ba za mu tsallake ba, shi ne dalma. A shekarar 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, Abare, 'Yargalma da Bagega, sakamakon niƙa dutsen zinare a cikin gidaje, inda yara kimanin 400 suka rasu, ƙungiyar likitoci ta MSF kuma ta shafe shekaru tana jinyar waɗanda suka tsira. Dalma tana hana ƙera himogulobin, tana kuma gajarta rayuwar ƙwayar jini. Yaron da ya fito daga yankin haƙar zinare da ƙarancin jini, ciwon ciki, amai, canjin hali ko jijjiga, a nemi a auna dalmar jininsa, kuma a wanke fatar wurin da za a ɗiba sosai domin ƙurar da ke jiki tana ɓata sakamako.

Idan duk waɗannan ba su nuna komai ba, lokaci ya yi da za a nemi takardar turawa zuwa ga likitan jini. A cikin jiha ana farawa da Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Gusau ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura, daga nan kuma zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, ko na Zariya, ko na Malam Aminu Kano.

Mataki na 8: Idan jariri ne

Rawayan da ya bayyana cikin awa 24 na farko bayan haihuwa ba na al'ada ba ne, kuma ba a jira ranar suna. A danna goshin jariri ko hancinsa da yatsa a hasken rana a ga launin da ya bayyana, idan rawayan ya sauko har ciki, cinya ko tafin ƙafa, ko jaririn ya daina kama nono, ko yana kuka mai ƙara yana banƙarewa, a tafi asibiti nan take, domin bilirubin mai yawa yana lalata ƙwaƙwalwa da ji har abada. Gwaje-gwajen su ne bilirubin, PCV, rukunin jinin uwa da na jariri, Kumbs da G6PD. Uwa mai rukunin O da ta haifi mai A ko B, da uwa mai rukunin jini negetif da ta haifi mai fozitif, su ne aka fi sa wa ido, kuma mai negetif tana buƙatar allurar anti-D cikin awa 72 da haihuwa domin kare cikin gaba. Shanya jariri a rana ko ba shi ruwan gulukos ba ya maye gurbin fitilar asibiti da ake sa jariri ƙarƙashinta don rage bilirubin. A cire kafur daga kayan jarirai gaba ɗaya. Gwajin jinotaif na elektiroforesis da aka saba yi ba abin dogaro ba ne kafin wata shida, saboda himogulobin na jarirai ya rinjayi sauran, sai dai a yi na HPLC.

Mataki na 9: Tsara kuɗi

PCV, gwajin zazzaɓi, fitsari, retikulosait da shafin gilashi su ne masu sauƙin kuɗi, kuma su kaɗai sukan nuna hanya. Cikakkiyar ƙidayar jini, bilirubin, jinotaif da gwajin ƙoda suna tsakiya. G6PD, Kumbs, LDH da hoton ciki na duba saifa da duwatsun matsarmama sun ɗara su, HPLC da haftogulobin kuma su ne a sama. Asibitin gwamnati ya fi araha, amma wani lokaci kayan gwajin kan yanke a tura mutum waje, don haka a tambayi farashi da samuwar kowane gwaji kafin a biya, a karɓi rasit. Wanda ya taso daga nesa, kamar Gummi, Shinkafi ko Ɗansadau, kuɗin mota da kwana sukan fi kuɗin gwajin, saboda haka ya nemi likita ya rubuta duk abin da ake buƙata a ɗiba sau ɗaya, ya kuma iso da sassafe. Idan kuɗin ba su isa duka ba, a gaya wa likita gaskiya ya zaɓi na gaba. Kuɗin da ake kashewa a kwalaben maganin ƙarin jini masu ƙarfe gara a mai da su gwaji, domin mai fashewar jini galibi ba ƙarfe ya rasa ba, wanda kuma aka sha yi wa ƙari ƙarfen ma yawa yake yi masa har ya cutar da hanta da zuciya. Folik asid shi ne abin da aka fi ba shi, bisa umarnin likita.

Mataki na 10: Maimaita gwaji da ajiye takardu

Bayan sallama a koma a auna PCV a ranar da likita ya sa, ko da mara lafiya ya warware yana cin abinci. Wanda aka yi wa allurar atesunet ya dace a riƙa duba jininsa mako-mako har zuwa wata ɗaya, wanda aka ƙara wa jini kuma a sa ido a kan fitsarinsa da idonsa na mako biyu. A sayi ƙaramin littafi a rubuta ranar kowane ƙarin jini, yawan ledoji, PCV kafin ƙari da bayansa, da sunan duk maganin da aka sha kafin ciwon ya tashi, a ɗauki hoton kowace takardar sakamako a waya saboda takarda tana ɓata. Wanda aka tabbatar yana da ƙarancin G6PD a rubuta masa kati da jerin abubuwan da zai guje wa, ya riƙa nuna shi a asibiti da kemis kafin a ba shi magani. Idan kuma abin da aka gano na gado ne, sikila ko G6PD ko dunƙulallun ƙwayoyi, a kawo sauran yaran ɗakin a gwada su tun suna lafiya, waɗanda aka ƙara wa jini a cikinsu kuma a lissafa wata uku daga ranar ƙarin kafin a ɗibi nasu.